Kafin Shebur Ya Taɓa Gindin Bango: Faɗakarwa Kan Ƙasar Da Maganin Ƙwari Ya Gurɓata

Idan ana rushe tsohon sito, ko ana tona gindin katangar da ta daɗe, wani lokaci akan ji wari mai hawa kai yana tasowa daga ƙasa, warin kananzir gauraye da magani. Abin da aka saba gani shi ne leburori su toshe hanci da wuyan riga su ci gaba da aiki, mai gida kuma ya ce a loda ƙasar a baro a zube ta bakin titi, ko a ba maƙwabcin da ke neman ciko. Daga ranar, gubar da ta shekara talatin ko arba'in tana kwance wuri ɗaya ta sami ƙafar yawo. Za ta shiga tsakar gidan da yara ke rarrafe, ta shiga cikin kajin da ke tono, ta bi ruwan sama zuwa rijiya.

Wannan matsala tana iya tasowa a kowane gari, amma akwai dalilan da suka sa ta fi nauyi a tsofaffin unguwannin Lome, babban birnin Togo, irin su Nyékonakpoè da maƙwabtanta Kodjoviakopé da Hanoukopé. Gidajen a matse suke, ƙasar yashi ce, ruwa kuma yana kusa da sama. Kwashe gurɓatacciyar ƙasa a irin wannan wuri aiki ne mai haƙƙi uku: haƙƙin ginin da ke tsaye, haƙƙin mutanen da ke cikinsa da masu yin aikin, da haƙƙin waɗanda ƙasar za ta je wurinsu bayan ta bar gidan. Wanda ya kula da ɗaya ya saki biyu bai gyara komai ba.

Ta ina gubar ke shiga gindin gini?

Hanya ta farko ita ce maganin gara. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980, a ƙasashe masu zafi da dama, idan aka tona ramin fandisho akan kwarara magani a ciki kafin a zuba kankare, a kuma jiƙa ƙasar da za a yi daɓe a kanta. Magungunan da suka yi suna a wannan aiki su ne aldirin da diyaldirin da kulodan da heftakulo. An so su ne saboda daɗewarsu, domin magini yana son abin da zai tsare gida shekaru masu yawa ba tare da an sake ba. Wannan daɗewa ita ce ta zama masifa. Amurka ta hana kulodan gaba ɗaya a 1988, amma har yau ana samunsa a gindin gidajen da aka yi wa magani kafin wannan shekara.

Hanya ta biyu ita ce ajiya. Togo ƙasa ce mai noman auduga da koko da kofi, kuma auduga tana cikin amfanin gonar da suka fi cin maganin feshi. Ga tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda kayan Nijar da Burkina Faso da Mali ke bi ta cikinta, ga kuma iyakar Aflao ta Gana, wadda mutumin Nyékonakpoè ke iya zuwa da ƙafa. Hausawa sun daɗe suna fatauci a wannan gari tun zamanin Jamusawa. Ko bayan da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar da shi wajen Togblékopé a arewa, harkar saye da sayarwa ta ci gaba da gudana a cikin gari. Al'adar ɗan kasuwa kuwa sananniya ce: ɗakin ƙofar gida shi ne shago, na kusa da shi kuma sito. Duk inda aka jera jarkoki da gangunan magani shekara da shekaru, sai an sami wadda ta tsage ko ta yi tsatsa ta ɗiga. Iskar bakin teku mai gishiri tana saurin cin ƙarfe. A farkon shekarun 2000, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa akwai kusan tan 50,000 na lalataccen maganin ƙwari jibge a Afirka, ban da ɗimbin ƙasar da ya jiƙa.

Hanya ta uku ta fi kowacce saurin kuɓuce wa ido. Mai feshi ya dawo ya wanke injinsa a lungu ɗaya na tsakar gida, ya tuttular da saura a gindin katanga, ya binne kwalabe a bayan ɗaki. Kaɗan-kaɗan ne, amma idan aka shekara goma ana yi, wannan lungu ya zama abin tsoro.

Mai saurin kisa da mai daɗewa

Magungunan da aka fi samu a irin wannan ƙasa dangi biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ke nuna irin aikin da za a yi.

Dangi na farko su ne masu sinadarin fosfat, irin su faratiyon da dikulobos, wanda ake samu a cikin fiya-fiya da Sniper. Waɗannan suna kama jijiyoyi nan take. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa zai yi ta gumi da dalalar miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya yi amai da zawo, numfashi ya yi masa wuya. Amma a cikin ƙasa mai rai, zafi da danshi da ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan narkar da su cikin makonni ko watanni. Sai dai inda suka zuba da yawa wuri ɗaya sukan kashe waɗannan halittu, su daɗe fiye da yadda aka saba.

Dangi na biyu su ne masu sinadarin kulorin: DDT da aldirin da diyaldirin da kulodan da heftakulo da endosulfan da lindan, wanda manoma da masunta suka sani da sunan Gammalin 20. Galibinsu ba sa narkewa sosai a ruwa, suna manne wa ƙasa da ƙura, kuma idan suka shiga jiki sukan taru a cikin kitse. Daga nan suke shiga ƙwan kaza da naman dabba da nonon uwa. Idan suka yi yawa sukan jawo jijjiga da suma. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, jami'an aikin gona na yankin Borgu a Jamhuriyar Benin sun ƙidaya mutum 37 da endosulfan ya kashe. A 2015, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindan cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji, ta sa DDT cikin waɗanda ake da ƙwaƙƙwaran zato a kansu.

Saboda wannan daɗewa ne ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Stockholm a watan Mayu na 2001, wadda ta fara aiki a 2004, shekarar da Togo ta amince da ita. Jerin farko na sinadarai 12 ya ƙunshi DDT da aldirin da diyaldirin da kulodan da heftakulo. An ƙara lindan a 2009, endosulfan kuma a 2011. Yarjejeniyar ta taƙaita shigowar sabon kaya, amma wanda ya riga ya shiga ƙasa yana nan. Mutanen tsibiran Gwadalup da Matinik na Faransa sun fi kowa sanin haka. An yi amfani da wani magani mai suna kulodekon a gonakin ayabarsu daga 1972 zuwa 1993, kuma binciken hukumomin lafiya na Faransa ya nuna yana cikin jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen wurin.

Halin ƙasar Nyékonakpoè

Tsohon garin Lome yana zaune ne a kan zirin yashi tsakanin teku da tafkin da ya ratsa birnin. Sai an haye tafkin an hau tudun Tokoin kafin a iske jar ƙasa mai danƙo. Nyékonakpoè tana ɓangaren yashi, dab da tafkin yamma. Wannan yana da sakamako uku ga mai son haƙa.

Na farko, yashi ba ya riƙe magani kamar yadda laka ko ƙasa mai taki ke riƙewa. Maganin feshi kuma galibi a cikin mai ake narkar da shi, kuma man yana iya jan gubar zuwa ƙasa. Na biyu, ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan yana kusa, shi ya sa rijiyoyin tsakar gida ba su da zurfi, kuma da babbar damina, musamman a watan Yuni, yakan taso ƙwarai. Tsakanin gurɓataccen wuri da ruwan da ake wanki da wanka da alwala da shi, tazarar kaɗan ce. Na uku, yashi ba ya tsayawa da kansa. Ramin da aka tona a jar ƙasa yana iya kwana a tsaye, amma na yashi yana iya ruftawa cikin ƙiftawar ido, ya janye abin da ke ƙarƙashin bango.

A haƙa ko a rufe?

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar an gano guba, sai a kira leburori. Masu sanin aikin sukan fara da tambaya ne. Me aka taɓa ajiyewa a wannan ɗaki? Shekara nawa? A ina ake wanke kayan feshi? An taɓa yin gobara ko ambaliya? Tsofaffin gida da tsohon mai gadi da dillalin da ya sayar da gidan sukan san abin da takardar fili ba ta faɗa ba.

Bayan tambaya sai gwaji. Hanci ba ma'auni ba ne, domin warin da ake ji yawanci na man da aka narkar da maganin ne. Man yana iya bushewa wari ya tafi, alhali diyaldirin ko DDT suna nan. Akan ɗebi samfurin ƙasa daga wurare da dama, a jikin bango da nesa da shi, daga sama da kuma daga zurfi daban-daban, a zuba a kwalaben gilashi masu tsabta, a rubuta wurin da aka ɗebo kowanne. Akan ɗebi ruwan rijiya ma. Wuraren da ya dace a fara neman jagora a Togo su ne hukumar kula da muhalli ta ANGE, wadda dokar muhalli ta 30 ga Mayu 2008 ta tanadi kafa ta, da sashen kare tsirrai na ma'aikatar aikin gona, da ofishin magajin gari. Su za su nuna ɗakin gwajin da ke iya auna irin waɗannan sinadarai.

Sakamakon gwaji shi ke raba gardama. Idan maganin gara ne da aka zuba bisa ƙa'idar zamaninsa, yawanci yana nan a ɗan zirin da ke jikin fandisho da ƙarƙashin daɓe. Wanda ke ƙarƙashin lafiyayyen siminti, barinsa a wurin ya fi tono shi aminci, sai dai a toshe tsagogin daɓen, a kuma tabbatar iska na ratsa ɗakin. Wanda ke waje a jikin bango ana iya rufe shi da kankare ko a shimfiɗa bulon daɓe, yadda yaro ba zai taɓa ba, kaza ba za ta tona ba, ruwan sama kuma ba zai ratsa ba. Amma idan ganga ce ta zube, ko wurin yana kusa da rijiya, ko za a yi sabon gini da dole sai an tona, to kwashewa ta zama wajibi.

Yadda ake haƙa ba a kayar da gini ba

Nauyin bango ba ya sauka a miƙe kawai. Daga gindin fandisho yake bazuwa cikin ƙasa, ƙasa-ƙasa da gefe-gefe, don haka ƙasar da ke kusa da bango tana cikin masu ɗauke da shi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, a jikin bango kada rami ya wuce gindin fandisho. Idan aka matsa nesa da mita ɗaya, ana iya zurfafa mita ɗaya ƙasa da gindin a ƙasa mai ƙarfi. A yashi kuwa sai an ƙara tazarar, kusan mita biyu na nisa a kan kowace mita ɗaya ta zurfi. Tsofaffin gidaje da katangu da yawa fandishonsu ba shi da zurfi, saboda haka kafin komai a tona ɗan ƙaramin rami a ga inda ya tsaya.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne a tona doguwar kwata daga wannan kusurwa zuwa waccan lokaci ɗaya. Abin da ya dace shi ne a raba jikin bangon gida-gida, kowane kamar mita ɗaya. A tona na farko, a tsallake biyu ko uku, a tona na gaba. A cike waɗanda aka tona da ƙasa mai tsabta, a daddaɓe ta hawa-hawa, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake. Ta haka ba a taɓa barin bango ba majingina. Idan gubar ta nutse ƙasa da gindin fandisho, aikin ya fi ƙarfin birkila da leburori, sai injiniya, wanda zai tsara tokara da katako ko ƙarfe, ko ya ƙara wa fandishon zurfi da kankare gida-gida. In ba haka ba, garin neman gira sai a rasa ido.

Akwai wasu matakan da bai kamata a tsallake ba. A ɗauki hoton bangon gida da na maƙwabta kafin a fara, a sa alama a kan tsagogin da ke akwai, a riƙa dubawa safe da yamma ko sun ƙaru. A binciki inda bututun ruwan TdE da wayar wutar CEET da ramin masai suka bi. A jikin bango a yi aiki da shebur da hannu, domin girgizar babban inji tana sa yashi ya zauna. Ramin da ya kai ƙugun mutum a yashi yana bukatar tokara, kuma kada a tara ƙasa a bakinsa. Kubik mita ɗaya ta yashi ta fi tan ɗaya da rabi, nauyin da ya isa ya danne ƙirjin ƙato. Idan ruwa ya ɓullo a rami a dakata. Zuƙe shi da inji yana janye yashi daga ƙarƙashin gine-gine, kuma shi kansa ruwan gurɓatacce ne, bai halatta a sake shi cikin kwata ya gangara tafki ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya. Amma rani a Lome yana zuwa da iskar hunturu a Disamba da Janairu, kuma ƙura ita ce babbar hanyar da gubar ke bi ta shiga huhu da abinci. Saboda haka a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan don kwantar da ƙura, ba a malala shi har ya yi gudu ba.

Kare masu aiki da mutanen gida

Yara da mata masu ciki da masu shayarwa su ƙaura zuwa gidan 'yan'uwa har a gama. A kwashe kaji da awaki, a rufe bakin rijiya da murfi da leda, a kulle tagogin da ke kallon wurin, a ɗauke tukwane da randuna da shanya. A kewaye wurin aiki da igiya ko kwano, a bar ƙofa ɗaya ta shiga da fita, a ajiye ruwa da sabulu da buroshin wanke takalmi a bakinta.

Lebura yana da haƙƙin a gaya masa abin da zai taɓa. Ɓoye masa don kada ya ƙara kuɗi zalunci ne. A ba shi dogon takalmin roba, da safar hannu ta roba mai kauri wadda sinadari ba ya ratsawa, da rigar aiki mai rufe jiki duka, da tabarau, da takunkumi mai matatar gawayi. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare tururin magani. Ba ci, ba sha, ba goro, ba taba a cikin wurin aiki. A riƙa hutawa a inuwa, domin kayan kariya suna da zafi. Kayan aiki kuma kada su je gida a haɗa su da wankin iyali.

Idan wani ya fara jiri ko ciwon kai mai tsanani ko amai ko rawar jiki, a fitar da shi iska, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti, tare da kwalba ko takardar maganin in akwai. Babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin ba shi da nisa da unguwar. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a sa shi amai da gangan. Mai da kitse suna iya saurin shigar da wasu magungunan cikin jini, aman kuma yana iya komawa huhu.

Ina ƙasar za ta?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a ɗauki shebur, kuma ita ce aka fi mantawa. Mu ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10. Idan aka kwashe zirin mita ɗaya kewaye da shi, zurfin rabin mita, za a sami kubik mita 24. Wannan ya kai cikin ganguna 120 masu lita 200, nauyinsa kuma ya doshi tan 40. Wanda bai shirya wa wannan tulin ba, a bakin titi zai zube shi.

A unguwar da ruwa ke kwanciya da damina, ciko kaya ne mai daraja. Kowa yana son ɗaga tsakar gidansa ko ƙofar shagonsa. Da an ga tulin ƙasa, masu roƙo za su zo, direban tifa ma yana da mai saye. A nan haɗarin yake. Ƙasar da take rufe a bayan sito, ba mai taɓa ta, sai ta koma shimfiɗe a filin makarantar allo. Wanda ya ba da ita ya san abin da ke ciki, wanda ya karɓa bai sani ba, har godiya yake yi.

Ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. A ware ƙasar da ta fi gurɓata daga mai sauƙi tun a bakin rami, domin gaurayawa yana ƙara yawan abin da za a rasa yadda za a yi da shi. Mai tsanani a zuba a ganguna masu murfi ko manyan buhuna masu leda a ciki, a rubuta a jiki abin da ke ciki da wurin da ya fito da kwanan wata. Sauran a tara a kan leda mai kauri, a rufe da tamfol. Kada a ƙona, domin ƙona sinadarin kulorin a wutar fili yana haifar da dayoksin, wanda ya fi na farkon muni. Ana hallaka irin wannan guba ne a tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,100, mai matatar hayaƙi. Kada a zuba a bola ko bakin tafki ko bakin teku. Babban wurin binne shara na Aképé, wanda aka buɗe a 2018, don sharar gari aka gina shi, saboda haka kada a aika tifa can sai da izinin hukuma. Mai gida ya san inda motar ta sauke, ya kuma karɓi shaida a rubuce.

Akwai darasi daga wuraren da aka yi irin wannan aiki. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ga cewa ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi kan ƙasar da ta cutar da shi. Daga 2010 zuwa 2013, da aka kammala da ƙauyen Bagega, an kankare saman ƙasa a gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas, an kwashe fiye da kubik mita 27,000, yawanci da hannun mutanen gari. An binne ta a ramukan da aka tanada a bayan gari, aka shimfiɗa sabuwar ƙasar da aka auna aka tabbatar da tsabtarta. Dalma daban, maganin ƙwari daban, amma tsarin ɗaya ne: a auna, a tanadi mazubi, a kwashe, a rufe da mai tsabta.

A Molodo da ke yankin Segu a Mali, a 2008, an gwada hanya mai sauƙin kuɗi a wani wurin da faratiyon da diyaldirin suka jiƙa. An tono ƙasar, an baje ta a keɓaɓɓen fili, an gauraya da takin dabbobi don ƙananan halittu su yi aikinsu, an kuma yi amfani da gawayi don ya kama gubar da ta saura. Faratiyon ya ragu ƙwarai, diyaldirin kuwa ya ƙi narkewa, sai killacewa. Wannan hanya tana bukatar fili mai nisa da gidaje da ƙwararrun masu sa ido, ba a yin ta a tsakar gida. A Nijar ma, a 1991, da aka tashi rabuwa da fiye da lita 50,000 na diyaldirin da ya rage daga yaƙi da fara, sai da aka yi jigilarsa har Holan aka ƙona.

Birnin Lome yana da tarihi a wannan fage. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba daga Italiya jibge a garin Koko na Najeriya, abin da ya girgiza Afirka. A watan Disamba na 1989, a nan Lome, aka sa hannu kan yarjejeniya ta huɗu tsakanin Tarayyar Turai ta lokacin da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wadda ta hana Turai turo musu shara mai haɗari. Yarjejeniyar Bamako kan wannan batu ta biyo baya a 1991. Abin da muka ƙi yarda wata nahiya ta yi mana, bai dace mu yi wa gidan da muke haɗa katanga da shi ba.

Bayan an gama

Kafin a cike rami na ƙarshe, a ɗebi samfuri daga gindinsa da gefunansa a tabbatar an kai ga ƙasa mai tsabta. Idan akwai sauran da ba a iya cirewa ba saboda tsoron bango, a shimfiɗa leda ko raga mai launi a kansa kafin a zuba ciko, don wanda zai tona nan gaba ya san inda zai tsaya. Sabon cikon a san asalinsa. A sake auna ruwan rijiya bayan damina, kafin nan kuma kada a sha, kada a dafa abinci da shi. A tuna cewa ƙasar da aka kwashe ita ce ke tare gara, don haka a nemi ƙwararre ya yi sabuwar kariya da maganin da hukuma ta yi wa rajista, a kuma nisanta itace da danshi daga jikin bango.

Sakamakon gwaji da zanen wurin da aka tona a ajiye su tare da takardar gida. Ɗan haya da mai saye da magada suna da haƙƙin sani. Ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, balle aibin da zai iya taɓa lafiyar jariri.

Gaskiya ne gwaji da ganguna da injiniya suna da tsada, kuma ba kowane mai gida ke da halinsu ba. Wanda ba shi da hali yana da abin yi: ya bar ƙasar inda take, ya rufe ta da siminti, ya hana yara da kaji zuwa wurin, ya daina shuka ganye a kai, ya sanar da hukuma. Sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa kuma suna iya haɗa kan masu irin wannan matsala, domin gida goma da suka je wa hukuma tare sun fi gida ɗaya samun kunne, kuɗin gwaji da na jigila ma sai ya rabu. Masu sayar da magani a yau su fitar da sito daga inda ake kwana, su yi masa daɓen siminti mai ɗan tudu a bakin ƙofa, su ɗora kaya a kan katako, su tanadi yashi ko garin katako don tsotse abin da ya zube, su kuma sayi abin da za su iya sayarwa kafin wa'adinsa ya ƙare. Buhun siminti kaɗan da aka kashe a kan daɓe yau shi zai hana 'ya'yansu neman wurin zuba tan arba'in na ƙasa gobe.